Minti 39 da Suka Ɓata Tsakanin Kano da Abuja

Alƙaluma uku ne a gabanmu. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai gaskiya ne, amma da ka jera su sai su fara ƙaryata juna.

Na farko nisa. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, in aka miƙe zare a kan taswira, kilomita 365 ne ko kusa da haka. Na biyu gudu. Jirgi ƙirar Boeing 737, irin wanda aka fi sani a hannun kamfanonin Najeriya, in ya samu sarari yana cin kilomita wajen 840 a awa guda, wato kilomita 14 a kowane minti. Ɗan aji biyar na firamare zai raba 365 gida 14, ya ce maka tafiyar minti 26 ce, kuma malaminsa ya ba shi maki. Na uku shi ne abin da ke rubuce a tikiti. Awa guda kamfanoni kan sa wa wannan hanya, wasu su ɗora minti 5, wasu 10. Mu ɗauki na tsakiya, minti 65.

Cire 26 daga 65, saura 39. Abin da ya ɓata ya fi tafiyar kanta yawa. Kuma ba zancen jinkirin tashi nake ba, irin wanda za a ce maka ƙarfe goma na safe, sai ga shi har an kira la'asar kana ɗakin jira. Wannan wata shari'a ce daban. Zancen ranar da komai ya tafi daidai nake: jirgi ya motsa kan lokaci, sama garau, babu hazo babu hadari, amma duk da haka kamfani ya rubuta awa guda da ɗoriya, kuma ya kusa cinye ta. Ina waɗannan mintoci suke shiga?

Wanda ya fara jawo zargi shi ne awon nisan kansa, domin in ka leƙa intanet za ka tarar da amsa iri-iri. Wani wuri 365, wani wuri 227, wani 197, wani kuma sama da 400. Mai gaggawa sai ya ce shi ke nan, masu awon ne ba su san abin da suke yi ba. To amma dukkansu abu ɗaya suke faɗa da mudu daban-daban. 365 kilomita ne. 227 mil ne na tudu, irin wanda tsofaffin direbobi suka saba da shi. 197 kuwa mil ne na teku, wanda matuƙan jiragen ruwa da na sama ke aiki da shi, kowane ɗaya mita 1,852. Dalilin da suka riƙe shi yana da daɗin ji: an yanka shi ne daidai da taswirar duniya, ta yadda digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa mil 60 ne cif. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, filin jirgin Abuja yana kan digiri 9. Digiri uku, mil 180, ka ƙara ɗan karkatar da Abuja ta yi yamma, sai ga 197. Matuƙi da ido kawai yana iya ƙiyasta tafiyarsa a taswira. Na sama da 400 ɗin kuma nisan mota ne, domin titi sai ya lanƙwasa yamma ya gaida Zariya da Kaduna, alhali miƙaƙƙen zare yana barin garuruwan biyu can yamma da shi da kilomita arba'in da wani abu. Awo dai ba shi da laifi. 365 na nan daram.

Sai na biyu, wanda 'yan ɗakin jira suka fi so. Za ka ji wani ya juyo ya ce da na kusa da shi, "Ai Alhaji, jiragen namu ne duk tsofaffi, ba sa gudu." Gaskiya ne akwai jirage masu shekaru a sararin Najeriya, kuma tsofaffin samfurin 737 ba su kai sababbi gudu ba. Amma bambancin bai taka kara ya karya ba: tsohon yana cin kilomita 790 ko kusa da haka, sabon 840. A kan kilomita 365, wannan bai kai minti 2 ba. Jirgi ba ya rage gudu don ya tsufa. Ko dai yana da lafiyar tashi ko babu, kuma in babu, a ƙasa ya kamata a same shi. Tsufa yana ƙara shan mai da yawan zuwa gyara, amma ba shi ya ci mintocinmu ba.

Na uku ya fi su kama da mai laifi, wato iska. Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya ya san zuwa da dawowa ba sa yin daidai. Jirgi a cikin iska yake iyo, in ta bi bayansa ta ƙara masa, in ta tare gabansa ta rage. Kuma sararin Afirka ta Yamma yana da nasa manyan iskoki. Da damina akwai wata mai ƙarfi da ke kwarara daga gabas zuwa yamma a tsayin ƙafa 10,000 zuwa 14,000. To amma dubi hanyar. Daga Kano zuwa Abuja kudu ake yi, da ɗan karkata yamma. Iskar gabas daga gefe take bugun jirgin, ba a goshi ba. Ko da ma a ce ta tare shi gaba da gaba da ƙarfin kilomita 50 a awa, abin da za ta ci bai wuce minti 3 ba. Ga kuma hujjar da ta wanke ta sarai: abin da iska ta ƙwace a zuwa, tana mayarwa a dawowa. Da ita ce ɓarauniyar, da tikitin Abuja zuwa Kano ya fi na Kano zuwa Abuja gajarta nesa ba kusa ba. Amma duba su biyun, kusan lokaci ɗaya aka rubuta. Abin da ke cin mintocin nan yana cin su ta kowace fuska.

Bambancin agogo ma ba ya cikin wannan magana, tunda Kano da Abuja agogo ɗaya suke bi. Alhazai ne wannan yake rikitawa, saboda Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2: a takarda zuwa Jidda ya yi kamar awa shida da rabi, dawowa kamar biyu da rabi, alhali jirgin kusan lokaci ɗaya ya ci.

An sallami uku, kuma ba a samu ko minti ɗaya ba. Bakin zaren yana wani wuri da kowane fasinja ya sha ji bai kula ba. Bayan an rufe ƙofa, matuƙi yakan yi magana ta lasifika, ya yi maraba da jama'a, ya faɗi yanayin garin da za a je, sa'annan ya faɗi tsawon tafiya. A wannan hanya, minti 40 ko 45 yakan ce. Ba 26 ba, ba kuma 65 ba. Ga alƙalami na huɗu ya shigo, kuma maimakon ya ƙara rikita lissafi, shi ne ya warware shi. Ashe agogo biyu ake bugawa.

Agogon matuƙi yana farawa ne daga lokacin da tayoyi suka bar ƙasa, ya tsaya lokacin da suka sake taɓa ta. Agogon tikiti kuwa da waigi yake aiki. Jirgi in ya tsaya a mazauninsa, waigi ake sa wa tayoyinsa. Lokacin tashi da ke tikitinka shi ne lokacin da aka zare waigi jirgin ya motsa, lokacin isa kuma shi ne lokacin da aka mayar da waigi a ɗaya filin. Duk abin da ya faru tsakanin zarewa da mayarwa, a cikin minti 65 ɗin nan yake.

Mu ɗauki 42 a matsayin na matuƙi. Yanzu 39 ɗinmu sun rabu kashi biyu: 23 sun ɓata a wajen agogonsa, 16 sun ɓata a cikinsa.

Na ƙasa sun fi sauƙin kamawa, domin a kan idonka suke tafiya, sai dai hankalinka yana kan bel da kashe waya. Mota ta tura jirgi baya. A tayar da inji ɗaya, a jira ya daidaita, a tayar da ɗayan. A cire motar, ma'aikacin ƙasa ya ɗaga hannu. Matuƙa biyu su bi jerin abubuwan dubawa ɗaya bayan ɗaya, su nemi izini daga hasumiya. Sa'annan jirgin da aka ƙera don cin kilomita 840 ya kama rarrafe a kan 30 ko 40, gudun da mai A-daidaita-sahu zai wuce shi. Kuma rarrafen da nisa, domin babban titin jirgi na Kano ya kai kilomita 3.3, na Abuja 3.6, kuma sai an je ƙarshen titi ake fara gudun tashi. In akwai mai sauka, a jira shi. Minti 10 kafin tashi ba abin mamaki ba ne, 5 kuma bayan sauka.

Abuja tana da nata ƙarin. Titi ɗaya tak filin yake da shi, masu tashi da masu sauka duk a kansa suke layi. Wanda ya manta, ya tuna 2017, lokacin da aka rufe shi na mako shida daga watan Maris don gyara, aka kwashe jiragen babban birnin ƙasa kacokan aka mayar Kaduna, fasinjoji suna ƙarasawa ta mota da jirgin ƙasa. Ga kuma tashi da saukar manya, da in ta zo kowa sai ya dakata, na ƙasa a ƙasa, na sama ya yi ta kewaye.

An kama 15. Saura 8 a wannan ɓangare da ba su da bayani tukuna. Mu ajiye su, za mu dawo kansu.

Na sama su ne masu wuyar sha'ani, kuma a nan gizo yake saƙar. Lissafin ɗan firamare ya ɗauka cewa jirgi yana barin Kano a kan 840 ya isa Abuja a kan 840. Amma wannan gudu ba a ko'ina ake samunsa ba. Gudun can ƙololuwa ne, ƙafa 33,000 zuwa 37,000, inda iska ta yi shara-shara har jirgi ke ratsa ta ba tare da ta riƙe shi ba. A ƙasa iska tana da kauri. Lokacin da jirgin ya ɗaga hanci ya bar titi, gudunsa bai fi kilomita 270 zuwa 290 ba, kashi ɗaya cikin uku na abin da muka raba da shi.

Ko ya so ƙarawa nan take, akwai ƙa'ida a gabansa. Ƙasa da ƙafa 10,000, abin da aka saba shi ne kada jirgi ya wuce mil na teku 250 a awa, wato kilomita 463. A nan ne sarari ya fi cunkoso: masu hawa, masu sauka, ƙananan jirage, jirage masu saukar ungulu, da tsuntsaye waɗanda ba ruwansu da hasumiya. Sai ya wuce wannan tsayi yake sakin jiki. Hawa zuwa ƙafa 24,000 yakan ci kamar minti 11, kuma a cikinsu ƙasar da aka ci ba ta fi kilomita 100 ba. Da a kan 840 ne, da an ci 154.

Mai karatu zai ce, to me ya tsayar da shi a 24,000? Ya haura mana can inda gudun yake. Amsar tana cikin wata ƙa'idar sauka da kowane matuƙi ya haddace: duk ƙafa 1,000 da za ka sauko, ka tanadi mil na teku 3, wato kilomita biyar da rabi. Jirgi ba ya faɗowa kamar dutse. Gangara yake yi a hankali, saboda kunnuwan fasinja, kuma saboda jiki ne mai santsi da ba ya iya saukowa da sauri yana kuma rage gudu a lokaci ɗaya. Daga ƙafa 35,000, gangarar kaɗai tana son sama da kilomita 200 in aka haɗa da wurin rage gudu. Hawa can ɗin ma yana son kusan haka. Haɗa su, sun haura 400. Hanyar gaba ɗaya 365 ce. Wato kafin jirgin ya kai inda zai yi gudun da aka san shi da shi, ya riga ya wuce inda ya kamata ya fara sauka. Hanyar ba ta ɗaukar wannan gudu. 840 gaskiya ne, amma ba tsakanin Kano da Abuja ba.

Shi ya sa yake tsayawa a tsakiyar bene, ƙafa dubu ashirin da wani abu. (In ka ji matuƙi ya ce 24,000 ko 26,000 a zuwa, 23,000 ko 25,000 a dawowa, ba son ransa ba ne. Bisa ƙa'idar duniya, mai fuskantar rabin yamma na kamfas yana ɗaukar tsayi mai lamba cika, mai fuskantar rabin gabas yana ɗaukar mai mara, don kada masu tahowa gaba da gaba su haɗu a hawa ɗaya.) A wannan tsayi gudunsa yana wajen 780. Kuma ba ya daɗewa a kai. Gangara daga 24,000 zuwa Abuja, wadda filinta yake ƙafa 1,100 da 'yan kai sama da teku, tana son kilomita 150. An ci 100 a hawa. Abin da ya rage a tsakiya 115 ne kacal, tafiyar minti 9. Wannan ne ɗan lokacin da ma'aikatan jirgi ke tura kekensu da sauri suna miƙa ruwa da biskit, kafin ka gama ɓare leda an ce a miƙe kujeru. Ba rowa ce ta sa su sauri ba.

Gangarar ita ta fi kowa ci. Rabin farko da sauƙi, minti 7 an zo ƙafa 10,000. Daga nan a koma 463, a rage zuwa 390, a buɗe ƙarin fukafukai, a rage, a sauke tayoyi, a ƙara ragewa. Kilomita 18 na ƙarshe, inda jirgi ke miƙewa da titi yana sauka a kan karkatar digiri 3, a kan gudun 260 zuwa 280 ake yin su, minti 4 cur. Jimlar gangara kamar minti 18.

Haɗa: 11 na hawa, 9 na tsakiya, 18 na sauka. 38 ke nan, a inda takarda ta ce 26. An kama 12. Waɗannan alƙaluma na rana mai sauƙi ne. Nauyin jirgi da zafin gari suna ɗan motsa su gaba ko baya, amma ba sa canza siffarsu.

Saura 4 a cikin agogon matuƙi. Su kuma a rubuce suke da farin fenti a bakin kowane titin jirgi. Babban titin Kano lambarsa 06 ta wannan kai, 24 ta wancan. Na Abuja 04 da 22. Lambar fuskar kamfas ce aka cire mata sifili: 06 yana nufin digiri 60, arewa maso gabas, 24 yana nufin 240, kudu maso yamma. Ba da ka aka shimfiɗa su haka ba. Jirgi yana son ya tashi kuma ya sauka yana fuskantar iska, domin ita ke taya fukafukai ɗaukarsa tun bai ci titi da yawa ba. Kuma iskar ƙasar Hausa fuska biyu gare ta, kamar yadda kowane manomi ya sani: da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙurar hamada, da damina daga kudu maso yamma take zuwa da ruwan teku. Masu shimfiɗa titin sun bi wannan layi ne.

To ka ga abin da ke faruwa ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙarfi. Jirgin da zai je Abuja ya hau 06, ya tashi ya fuskanci wajen Gumel, ya ba Abuja baya. Sai ya yi sama sosai yake lanƙwasowa ya nemi kudu. A can ɗaya kan, in titi na 22 ake amfani da shi, mai zuwa daga Kano ya yi sa'a, kusan kai tsaye zai shiga. In kuwa 04 ne, sai ya wuce filin ta gefe yana kallonsa ta taga, ya yi gaba har tsakanin Gwagwalada da Kuje, ya juyo ya sauka yana fuskantar inda ya fito. Wannan kewaye kaɗai yana iya cin minti 5 zuwa 7. A tsakani kuma, jirage ba sa bin zaren taswira yadda suka ga dama. Akwai hanyoyi a sama masu suna da lamba, daga wata alama zuwa wata, kuma jami'an NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, ne ke ba da hannu: wannan ya karkata dama, wancan ya rage gudu ya bi bayan wani. Wata rana a ba ka yanke, wata rana a zagaya da kai. In aka daidaita, kilomita 30 zuwa 40 na ƙari a ƙananan gudu, minti 4. Agogon matuƙi ya cika, 42.

Tsugune ba ta ƙare ba. Akwai 8 ɗin da muka ajiye. An binciki ƙasa, an binciki sama, babu su. Kuma ba za a same su ba, domin jirgin bai ci su ba. A ofis aka rubuta su.

Mai tsara jadawalin kamfani ba ranar sa'a yake kallo ba. Yana duba abin da hanyar ta saba ci a baya, har da ranar da aka yi layi a Abuja, da ranar da hadarin damina ya taso daga gabas ya tsaya a hanya, matuƙi ya kewaye shi da kilomita 40 don babu mai hankalin da zai ratsa cikinsa. Sai ya zaɓi lokacin da yawancin ranaku za su shiga ciki. Yana da dalilai biyu. Na ɗaya, jirgin nan ba Kano da Abuja kaɗai yake yi ba. Yana iya yin sawu biyar ko shida a yini, kuma mintin da ya ɓata da safe yana bin sa har dare yana haihuwa. Na biyu, a harkar jiragen sama ana lissafa jirgi ya iso kan lokaci in bai wuce minti 15 a kan abin da aka rubuta ba, don haka duk mintin da aka cusa a tikiti yana gyara sunan kamfani. Na farkon hikima ce. Na biyun akwai wayo a ciki, kuma ban ga laifin fasinja ya san da shi ba.

Akwai shaidar da ke tabbatar da wannan, kuma ita ma ta lasifika take fitowa. An makara da minti 10, matuƙi ya ba da haƙuri ya ce za a yi ƙoƙarin cike giɓin a sama, kuma sai ga shi an sauka kusan kan lokaci, jama'a suna yaba ƙwarewarsa. Amma a ina ya cike? Ƙasa da 10,000 an ɗaure shi. Gangara tana da awonta. Abin da ke hannunsa minti 9 ne na tsakiya, kuma ko ya ƙara gudu da kashi goma cikin ɗari, ya ƙona mai, bai samu cikakken minti ɗaya ba. In ya roƙi yanke aka ba shi, ya samu 2 ko 3. Ragowar tun a tikiti aka ajiye masa su.

Lissafi ya rufe: 15 a ƙasa, 12 a hawa da sauka, 4 a kewaye, 8 a ofis. 39.

Amma bayani ba ya zama hujja sai an gwada shi a inda ba a ɗinka shi ba. Abin lura game da waɗannan mintoci shi ne kusan babu wanda ya dogara da nisa a cikinsu. Haraji ne na tashi da sauka, ana biyansa sau ɗaya ko ina za a je. In haka ne, ya kamata a iya raba kowane nisa gida 14, a ɗora 39, a samu abin da ke tikiti. Legas zuwa Abuja kilomita 510 ne: 36 da 39, minti 75, awa ɗaya da kwata, kuma haka ake gani a jadawali, ko ƙasa da haka kaɗan. Kano zuwa Legas 835 ne: 60 da 39, awa ɗaya da minti arba'in ba ɗaya, kuma tikitin hanyar tsakanin awa ɗaya da rabi da wannan yake yawo. Dubi abin mamakin: nisan ya ninka na Kano zuwa Abuja fiye da sau biyu, lokacin kuwa rabi kawai ya ƙaru. Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 da 'yan kai ne: minti 244 da 39, awa huɗu da minti arba'in da wani abu, abin da alhazai suka sani kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya rufe sararinta ya tilasta zagaye. A wannan doguwar hanya harajin bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na tafiyar ba, shi ya sa ba wanda ya damu da shi. Tsakanin Kano da Abuja shi ne kashi uku cikin biyar. Tsakanin Abuja da Kaduna kuwa, inda filayen biyu suke kilomita 190 da juna, takarda za ta ce minti 13 da rabi, harajin ya kusa ninka tafiyar sau uku.

Akwai wurin da lissafin ke rushewa, kuma rushewar tasa ma shaida ce. A tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotilan akwai hanyar da aka sani da mafi gajarta a duniya cikin masu jadawali, tsakanin Westray da Papa Westray. Nisanta kilomita 2.7, bai kai tsawon titin jirgi na Kano ba. Kamfanin Loganair ke yin ta tun 1967 da ƙaramin jirgi mai ɗaukar fasinja takwas, kuma mafi sauri da aka taɓa yi daƙiƙa 53 ne. A can babu 39, domin babu mota mai turawa, babu layi, babu ƙafa 24,000 da za a hau a sauko. Da aka cire abubuwan da muka kama, sai mintocin suka tafi tare da su.

Wannan ya kawo ni ga wani raini da na daɗe ina ji a bakin matafiya, na jirgi mai farfela. Mutum ya leƙa ta gilashi ya ga farfela biyu, sai ransa ya ɓaci, ya ce yau an haɗa shi da na da. A takarda yana da hujja: ATR 72 kilomita 510 yake ci a awa, wato minti 43 a inda 737 ke da 26. Amma mun riga mun ga 737 ba ya samun 26 ɗin. A ƙasa rarrafensu ɗaya, layinsu ɗaya. Ƙasa da ƙafa 10,000 babban an ɗaure shi kusa da gudun ƙaramin. A kilomita 18 na ƙarshe kusan kafaɗa da kafaɗa suke. Fifikon babban yana cikin 'yan mintocin tsakiya ne kawai, kuma in aka tattara, abin da zai riga mai farfela da shi a wannan hanya bai wuce minti 10 zuwa 15 ba. In Dash 8-400 ne, mai cin sama da 650, ratar ta kusa ɓacewa. Shi kuwa mai farfela yana shan mai kaɗan ƙwarai, yana sauka a gajeren titi, kuma kujeru 70 sun fi 140 sauƙin cikawa a hanyoyi irin na Dutse, Birnin Kebbi ko Bauchi.